Malam Nuna-Aiki da Siririn Littafi

Duk wanda ya yi karatu a babbar sakandaren da ke bayan tashar mota ya san Malam Nuna-Aiki, ko da bai taɓa jin sunansa na gaskiya ba. Malamin lissafi ne, dogo, siriri, mai tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, kuma kullum akwai farin alli a gwiwar hannunsa kamar da shi aka haife shi. Ka kawo masa amsa daidai, in dai bai ga hanyar da ka bi ba, sai ya zana maka ƙaton sifili, in yana cikin nishaɗi har ya yi wa sifilin idanu da baki. "Nuna aikinka," in ji shi. "Amsa ai ko mai leƙen takardar wani yana da ita."

Har gida abin ya bi shi. Wata rana matarsa ta ce sukari ya ƙare, ya ce ta nuna aikinta. Ta ɗauko gwangwanin ta kife masa a kan jaridar da yake karantawa, ta ce, "Ga aikin nan, Malam, duba da kyau." Daga ranar ya rage, a ɓangaren kicin dai.

Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne a kasuwa, kuma a wurinsa ya gaji ɗabi'ar auna komai a tafin hannu kafin ya yarda da shi: kankana, takalmi, littafi, har jariri in an miƙo masa. Ya koyar har gashin kansa ya koma launin allin. Ɗalibansa sun zama likitoci da injiniyoyi, wasu in sun tsaya gaishe shi a titi sai gilashin motar ya sauka da kansa, sanyi ya buso masa a fuska yana kan tsohon babur ɗinsa. Bai taɓa jin ƙyashin kowa ba, kuma ya faɗi haka sau da yawa har abin ya zame masa kamar wani digiri na biyu.

Abu ɗaya ya mallaka a duniya da yake ji da shi, shi ne tambayoyin Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Yayyenta maza sun guje wa lissafi kamar an ce cizo yake. Ita kuwa tun kanta bai gama wuce tsayin teburinsa ba take zuwa ta ɗora haɓa a gefensa. "Baba, me ya sa ba a raba abu da sifili?" "Baba, wa ya fara ƙirga taurari?" Har ta shiga jami'a ba ta daina ba, sai dai tambayoyin suka koma ta waya. Shi kuma kullum sai ya ɓata rai ya ce, "Ke kam ba kya barin mutum ya huta," alhali tuni biro yana hannunsa.

To, akwai kuma Kawu, ƙanin matarsa. Lokacin da Malam yake neman auren yayar, yaron yana ajinsa, kuma a jarrabawar farko maki sha biyu ya ci cikin ɗari. Malam ya laƙaba masa Sha-Biyu, sunan ya zauna. Yau Sha-Biyu yana aiki a wani kamfanin da ke juya wa mutane dukiyarsu a kasuwar hannun jari, a bene mai gilashi tun daga ƙasa har sama, da allon kwamfuta uku a gabansa, kamar mutum ɗaya yana da ido shida. Abin da ya fi ci wa Malam rai shi ne ladabinsa. Da mai girman kai ne da an san inda za a kama shi. Amma in ya zo sai ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya rusuna, ya ce, "Malam, ai duk abin da na zama kai ne sila." Malam ya amsa da fara'a, a ransa kuma ya ce, sha biyu dai na ba ka, sauran ban san inda ka samo su ba.

Da Auta ta gama jami'a, sai ta ji wani kamfani irin na Kawu zai ɗauki sababbin ma'aikata, amma sai wanda ya iya rubuta wa kwamfuta umarni ta lissafa farashi da kasadar da ke cikin ciniki. Lissafin tana da shi, sarrafa kwamfutar ne ba ta yi nisa ba. Wata safiya Malam ya fito zai ɗauki hularsa a falo, sai ya jiyo ta a baranda tana waya.

"Kawu, wane littafi kake ganin zan fara da shi? Na duba sun yi yawa, kaina ya ɗaure."

Malam ya tsaya da hula a hannu. Littafi. Ba mota ba, ba aiki ba, ba kuɗin makaranta ba. Littafin lissafi ake tambayar wani, shi yana cikin gidan, da ransa da lafiyarsa, ga kantar littattafansa har ta lanƙwashe a tsakiya saboda nauyi.

Ya shiga kicin ya tarar da matarsa tana yanka albasa.

"Kin ji 'yarki?"

"Na ji ta. Me ta yi?"

"Ƙaninki take tambaya littafi."

"To, ba aikinsa ba ne?"

"Aikinsa! Yaron da na koya wa jadawalin ninki na bakwai da bulala a hannu?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta yana hawayen albasa, bakinta yana dariya. "Malam, kishi kake?"

"Ni? Kishin wa? Gyara nake. Kada a ɓatar da yarinya tun a shafin farko."

Kafin la'asar saƙon Kawu ya iso: wani siririn littafi mai koren bango, direban ofis ya kawo a ambulan. Malam ya karɓa ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke. Ko nauyin biredi bai kai ba. Ya buɗe baya, babu amsoshi. Ya buɗe tsakiya, rabin kowane shafi umarnin kwamfuta ne a cikin akwati mai ruwan toka, marubucin kuma sai cewa yake, rubuta wannan, gwada, ka ga abin da zai fito. Babu hujja, babu dalili.

"Wannan ai takardar magani ce," in ji shi. "Sha biyu da safe, biyu da yamma."

Auta ta yi dariya ta karɓe abinta. Dariyar ma ta ƙona masa rai, don ba ta tsaya ta yi gardama ba. Da can sai ta yi.

Washegari ya tada babur ya nufi babban shagon littattafai da ke kusa da jami'a, wanda ake hawa matakala a shiga, ƙasa kuma masu gyaran waya ne. Mai shagon tsohon ɗalibinsa ne, ya taso da sauri ya share masa kujera. Malam bai zauna ba. Ya wuce kantar da aka jera littattafan lissafin kasuwa, ya fara aikinsa yadda ya saba zaɓar wa makaranta littafi tun yana saurayi. Da farko a auna. Sannan a duba baya a ga ko marubucin yana da ƙarfin halin ajiye amsa. Sannan a buɗe ko'ina a ga ko yana kafa hujja ko kuwa rantsuwa kawai yake.

Ya ture guda huɗu. Can ƙasan kanta, bayan wani kwali, ya zaro wani ƙato mai baƙin bango, wanda sai da ya sa hannu biyu. Ya buɗe, ƙamshin tsohuwar takarda ya doki hancinsa. Hujja a kan hujja, shafi bayan shafi, alamomi sun yi cincirindo kamar tururuwa. Amsoshi a baya, har da ƙarin bayani a kan amsoshin.

"Yauwa," in ji shi. "Ga littafi."

Mai shago ya sosa ƙeya. "Malam, littafi ne mai kyau, wallahi. Sai dai yaren kwamfutar da ke cikinsa an daina yayinsa. Masu ɗaukar aiki yanzu ba sa tambayarsa. Wancan mai koren bangon shi yara suke saye."

"Nan ma ya biyo ke nan?"

"Wa, Malam?"

"Bar shi. Lissafi yana tsufa ne? Ka taɓa jin biyu da biyu sun yi ritaya? Ɗaure mini."

Ya ɗaure shi a bayan babur da roba, har tayar baya ta ɗan zauna. A gida ya ajiye shi a gaban Auta, teburin ya yi ƙara.

Ta yi godiya sosai, har da rusunawa. Ta shafa bangon, ta ce, "Kai, Baba, wannan ai sai a hankali." Ta kai ɗakinta. Bayan kwana biyu Malam ya leƙa ya ga ƙaton littafin nasa a kan tebur, an ɗora masa kwamfuta a ka don allon ya daidaita da idonta. Siririn kuma yana buɗe a gefe, duk ya sha ja da shuɗin biro, kunnuwan shafukansa a lanƙwashe. Littafinsa ya samu aiki, aikin matashin kai.

Sai da ta fita sayen katin waya ya shiga ya ɗauko koren, ya tsaya a tsaye yana karantawa kamar mai binciken laifi. A babi na uku ya samu abin da yake nema. Marubucin ya ce: a ɗauka farashin wani hannun jari ɗari ne. A jefa sulalla. In ta faɗi kai, farashi ya hau da ɗaya, in ta faɗi ɗaya gefen, ya sauka da ɗaya. A yi haka sau goma, a rubuta inda farashin ya tsaya. A sa kwamfuta ta maimaita wannan wasan sau dubu goma, a ɗauki matsakaicin, za a ga ya dawo kusa da ɗari.

"Za a ga," in ji Malam. "Wa zai gani? Kwamfuta ta faɗa, kowa ya ce amin."

Nan take ya yanke shawarar zai yi da hannunsa. Ba don komai ba, in ji shi, don ilimi. Ya samo sulalla ɗaya a aljihun tsohuwar rigar sanyi, ya ja layuka a takarda, ya zauna a teburinsa. A jifa na uku sulallar ta yi tsalle ta gangara ƙarƙashin kantar littattafai, inda ko tsintsiya ba ta kaiwa. Ya durƙusa, ya leƙa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya miƙe yana huci, idonsa ya faɗa kan murfin kwalbar lemo a kan faranti. Shi ma gefe biyu gare shi. In ya faɗi a kife, farashi ya hau. In ya faɗi a rigingine, bakinsa sama, farashi ya sauka.

Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gaya wa yara cewa kafin ka yarda da abin jifa sai ka tabbata gefensa biyu nauyinsu ɗaya, ɗan mai gyaran sikeli guda, bai ko tsaya ya ɗora murfin a tafin hannu ba. Hankalinsa yana can bene mai gilashi.

Kwana da kwanaki gidan yana jin ƙaramar ƙara daga ɗakin Malam: ƙwas, shiru, ƙwas, shiru. Ya je makaranta da murfin a aljihu, yana jefawa a ɗakin malamai lokacin hutun tara, har malamar tarihi ta tambaye shi ko duba ya fara. Matarsa ta kawo masa shayi ta tsaya tana kallo.

"Malam, caca ka koma da girmanka?"

"Bincike nake."

"To Allah ya ba mai bincike sa'a. Shayin dai kada ya huce."

Abin daɗin shi ne, kasuwar Malam kullum karyewa take. Duk zagayen da ya yi, farashi sai ya gangara. Ya tara zagaye ɗari da wani abu, ya haɗa, ya raba, matsakaicin ya tsaya ƙasa da ɗari sosai, ba kusa ba. Ya sake lissafin, haka. Ya jingina da kujera, wani sanyi ya ratsa shi wanda rabonsa da irinsa tun ranar da aka ƙara masa girma. Littafin Sha-Biyu ƙarya yake.

Bai gaya wa Auta ita kaɗai ba. Ina amfanin haka? Ya jira ƙarshen mako, ranar da Kawu ya saba zuwa cin abincin rana. Aka ci, aka sha, aka kwashe kwanuka. Malam ya gyara zama, ya ɗauko takardunsa ya baje a kan tabarma.

"Sha-Biyu, littafin nan da ka ba yarinya, ka karanta shi kuwa?"

"Na karanta, Malam. Da shi na fara."

"Haba, shi ya sa. Babi na uku. Ya ce matsakaici zai dawo ɗari. Ni na yi da hannuna, ba na'ura ba, ba jita-jita ba. Ga shi. Bai dawo ba, kuma ba shi da niyyar dawowa."

Kawu ya karɓi takardun da hannu biyu. Ya bi su layi layi, fuskarsa ta nuna mamaki na gaskiya. "Malam, duk wannan da hannu? Kai, sannu da ƙoƙari. Lissafin kuma babu kuskure ko ɗaya." Ya sake duba shafin ƙarshe. "Amma saukar ta yi yawa. Da wace sulalla ka jefa?"

Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da murfin, ya ajiye a tsakiyar tabarma da ƙarfin gwiwa. Sai da ya ga abin a fili, a gaban mutane, da haƙoransa a gefe ɗaya da sumul ɗin bayansa a ɗaya gefen, sannan abin ya faɗo masa.

Auta ce ta fara magana, a hankali, kamar mai taka ƙwai. "Baba, murfi ai gefensa biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kai ka koya mana."

Matarsa ta toshe baki da mayafi ta tashi ta shige kicin, daga can aka jiyo tukwane suna ƙara fiye da yadda wanki yake bukata.

Da Kawu ya yi dariya, da Malam ya samu abin riƙewa har shekara goma. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Wallahi Malam, abin da ka nuna shi ne babbar matsalar aikinmu. In abin jifarka ya karkace, ko sau miliyan kwamfuta ta maimaita, ƙarya za ta ba ka. Zan ba yaran ofis wannan misalin."

"Kada ka ba kowa," in ji Malam.

"To, Malam."

"Kuma ka daina ce mini to."

"To, Malam."

Bayan ya tafi, Auta ta buɗe kwamfutarta don ta nuna wa mahaifinta, da kyakkyawar niyya. Ta danna maɓalli ɗaya. Kafin ya gyara tabarau, zagaye dubu goma sun gama, amsa ta fito, ɗari da ɗan ɗigo. Ya dubi lambar, ya dubi tarin takardunsa, ya ce yana da makin jarrabawa da zai duba.

Makonni suka wuce gidan shiru. Ba faɗa ake ba, gaisuwa lafiya lau, amma Malam ya daina barin ƙofar ɗakinsa a buɗe. Yana jin Auta ta bango tana buga kwamfuta, wani lokaci ta yi tsaki, wani lokaci ta yi ihun murna ita kaɗai, wani lokaci kuma ya ji ta ce, "Kawu, ka ga abin da ya fito mini." Ya lura a lokacin ne yake yawan ba yara sifili, kuma ba ya yi wa sifilin idanu.

Wata yamma yana zaune yana duba takardun aji uku, aka ƙwanƙwasa. Auta ce, da koren littafin a hannu, yatsanta a tsakanin shafuka.

"Baba, kana da lokaci?"

Bai ɗago ba. "Ina aiki. Mene ne?"

"Wani abu ne ya hana ni sakat. In na ninka yawan zagaye sau huɗu, ina zaton kuskuren zai ragu sau huɗu. Amma rabi kawai yake raguwa. Na gwada, na sake gwadawa, haka yake fitowa. Littafin ya ce haka abin yake, bai faɗi dalili ba. Me ya sa?"

Ya san dalilin. Ya san shi kamar yadda ya san hanyar makaranta, har ya ji yatsunsa suna ƙaiƙayi. Ya ajiye jan biro, ya jawo farar takarda. Ya ɗauki baƙin biro, sai kuma ya tsaya.

"Kin tambayi kawunki?"

Auta ba ta iya ƙarya ba, shi ya hana ta koya. "Na tambaye shi."

"Ya ce me?"

"Ya ce shi amfani da abin kawai yake, ya san haka ne amma ba zai iya warware mini shi daga tushe ba. Ya ce in zo wurinka, duk garin nan babu wanda zai fayyace mini kamar kai."

Malam ya ajiye biron. Wato ko wannan ma Sha-Biyu ne ya aiko masa. Tambayar da ya yi makonni yana jira ta iso, amma a cikin ambulan ɗin wani. In ya amsa, ya karɓi sadaka daga hannun yaron da ya ci sha biyu. In ya ƙi, yarinyar za ta juya ta fita, kuma ya san ba za ta sake ƙwanƙwasawa da wuri ba.

Tana tsaye tana jira, ta matse littafin a ƙirji. Ya dube ta ta saman tabarau. Ita ba ta aiko kowa ba, ba ta kuma auna komai ba. So take ta sani kawai.

"Ya ce duk garin?"

"Haka ya ce, Baba."

"Garin kawai." Ya yi tsaki. "Jawo kujera. Ajiye wannan takardar maganin a can, ba ma bukatarta. Za mu fara da jifa biyu, ki gaya mini hanya nawa za su iya faɗuwa."

Ta zauna da sauri, ta karɓi biro. Ya ja layi na farko a takardar, sannan ya tsaya ya nuna ta da yatsa.

"Kuma in kin gane, ba na son ki kwashe ki kai masa ta waya. In yana son ya sani, ya zo da ƙafarsa ya zauna inda kike zaune."